Maƙera da Bindiga a Bakin Kogin Shari

Toukra unguwa ce a kudancin birnin Njamena, a hayin kogin Shari, bisa hanyar da ta nufi Bongor da Mundu. Yawancin masu ambatonta yau, saboda jami'ar da aka gina a wurin suke ambatonta. Amma wanda ya tashi daga Toukra ya nufi gadar Ngeli, ya haye kogin Logon, ba da jimawa ba sai ya ga kansa a Kusseri ta ƙasar Kamaru. A kusa da garin nan ne aka yi yaƙin da ya haifi Njamena, ran 22 ga Afrilu 1900. Rabeh ya mutu a ranar, shugaban sojan Faransa Lamy shi ma ya mutu. Bayan wata guda Gentil ya kafa bariki a ɗaya hayin, ya sa masa suna Fort-Lamy, sunan da garin ya riƙe har 1973.

An sha ba da labarin nan kamar na mutum biyu ne kaɗai. Mu kuwa muna so mu dubi abin da ke hannun mayaƙan, da kuma mutanen da suka gyara shi, wato maƙera.

Bindiga baƙuwa ce a ƙasarmu, sunanta ma daga Larabci muka aro shi. Wajen ƙarshen ƙarni na 16 Mai Idris Aloma na Barno yana da 'yan bindiga waɗanda Turkawa suka koya wa harbi. A Kano, tarihin sarakunan garin ya nuna Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga su tsare sarki. Mai karatu ya lura da yadda kalma take lalacewa. A dā idan aka ce 'yan bindiga, bayin sarki ake nufi, masu sa gari ya ɗauki ƙara ranar hawan salla. Yau idan aka faɗi kalmar a Zamfara ko Kudancin Kaduna, mata sai su fara neman 'ya'yansu.

Bindigogin zamanin nan irin na ɗuri ne. A zuba albarushi ta baki, a tura harsashi, a danna da sanda, a ja kunama dutsen ƙanƙara ya ba da wuta. Kafin mutum ya sake ɗura ta, mai doki ya riga ya iso kansa da mashi, shi ya sa har yanzu ake yi mata kirari da harba-ka-ruga. Turawa kuma ba su aiko da masu kyau ba. Abin da suke ƙerawa domin kasuwar Afirka mai araha ne, ƙarfensa marar ƙwari, yakan fashe a hannun mai shi. Nan ne aikin maƙerin gida ya shigo. Bai iya narka ƙarfe ya zuba bututu irin na masana'anta ba, amma ya iya tsawaita ran abin da ya samu. Idan bututu ya fara tsagewa sai ya ɗaure shi da zoben tagulla, ko a naɗe shi da ɗanyar fata ta bushe a kai ta kama. Idan kunama ta karye ya ƙera wata. Masassaƙi ya yi sabon gindi daidai kafaɗar mai ita, baduku ya yi mata riga da tuntaye, a buga mata ƙusoshin farin ƙarfe domin ado, sau da yawa kuma a rataya mata laya. Bindiga ɗaya takan bi ta hannun masu sana'a uku ko huɗu, har wanda ya ƙera ta a Turai ba zai shaida ta ba.

Wani lokaci baƙo ne yake yin gyaran. Sa'ad da Denham da Clapperton suka zo Kukawa cikin 1823, akwai wani kafinta a cikinsu mai suna Hillman. Shehu Laminu yana da ƙananan igwa biyu da ba su da abin ɗauka, sai Hillman ya yi musu keken katako. Da su aka tari mayaƙan Bagarmi a Ngala cikin 1824. A Damagaram kuwa ba a jira baƙo ba. Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi dubbai, ya sa maƙeran Zindar suna zuba masa igwa, ana kuma haɗa albarushi a cikin garin. Can yamma, maƙeran Samori Ture sun kai ga kwaikwayon bindigar Faransa mai suna Gras, wadda ake sa wa harsashi ta baya.

To, a daidai lokacin da maƙeranmu suka fara kamo wannan ilimi, sai Turai ta yi nisa. Bindigar Gras ta 1874 faɗin bakinta milimita 11 ne, tana cin baƙin albarushi mai hayaƙi. Cikin 1886 Faransa ta fito da Lebel, mai milimita 8, mai sabon albarushi marar hayaƙi. Wanda bai sani ba zai ce ƙaramin harsashi ai rauni ne. Ba haka ba ne. Ƙaramin ya fi gudu, ya fi tafiya miƙe, soja yana iya ɗaukar da yawa, hayaƙi kuma ba ya tona inda ya ɓuya. Irin wannan albarushi aikin masana'anta ne, ba a yin sa da turmi da taɓarya.

Sa'an nan aka ƙara da doka. Cikin 1890 ƙasashen Turai suka taru a Brussels ta Beljiyam, da sunan hana cinikin bayi, suka amince kada a sayar da bindigogin zamani a yawancin Afirka, sai dai irin na ɗuri da baƙin albarushi. Hana cinikin bayi abu ne mai kyau, ba mai bi da zai yi gardamar wannan, Rabeh kansa kuwa da kamun bayi yake sayen makamai. Amma mai karanta Littafi Mai Tsarki ba zai kasa tuna 1 Sama'ila sura 13 ba, inda Filistiyawa suka hana a sami maƙeri a ƙasar Isra'ila domin kada a ƙera takobi ko mashi, har manomi sai ya gangara wurinsu kafin a wasa masa garma. Da ranar yaƙi ta zo, Saul da Jonatan ne kaɗai suke da makamin kirki. Waɗanda suka sa hannu a dokar Brussels su ne kuma suke shirin shigowa ƙasashen nan da sojojinsu.

Rabeh ya san haka, domin ya yi aikin soja a Sudan ƙarƙashin Zubairu Basha. Duk hanyar da zai sami bindigar zamani ya bi ta. Cikin 1891 Sanusi na Dar Kuti ya hallaka ayarin Bafaranshen nan Crampel, makaman ayarin kuwa wani kashi ya faɗa hannun Rabeh. Ya ci Bagarmi, ya ci Barno a 1893, ya rushe Kukawa, ya zauna a Dikwa, inda ya ajiye masu gyaran bindiga da masu haɗa albarushi. A Togbao cikin Yuli 1899 ya kashe Bretonnet ya kwashe igwa uku. Duk da haka yawancin mutanensa mashi da tsofaffin bindigogi suke riƙe da su, masu na zamani kuma kullum suna ƙirga harsashi, gama ba su da inda za su sayo wani. A Kusseri rundunoni uku na Faransa suka haɗu, ɗaya ta ƙetaro hamada daga Aljeriya, ɗaya ta biyo ta Birnin Konni da Zindar (ita ce wadda Voulet da Chanoine suka fara ja, suna ƙone garuruwan Hausa), ɗaya kuma ta hauro daga Kwango. Sojansu wajen 700 ne, da taimakon mutanen Gaurang sarkin Bagarmi. Kafin rana ta yi tsaka an gama. Bayan shekara uku bindigar Maxim ta yi wa dawakin Kano da Sakkwato irin wannan aiki.

Zamanin mulkin Turawa maƙeri ya koma ga fartanya da lauje, bindigar da yake taɓawa kuma ta mafarauci ce. Tsofaffin Gras da yawa an mai da su na harbin zabi da gada. Da motoci suka yawaita, sai aka shiga yin bututu da ƙarfen sitiyari, marasa haƙuri kuma da famfon ruwa, abin da ya cinye yatsun mutane da idanunsu ba iyaka. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta ce ko bindigar toka sai da lasin, ƙera ta kuma sai da izni, ko da yake a ƙauye ba kowa ya taɓa jin labarin dokar ba.

Njamena ba ta huta ba. An yi yaƙi a cikin garin a Fabrairu 1979, aka sake yi daga Maris zuwa Disamba 1980 tsakanin Habre da Gukuni, jama'a dubbai, Kirista da Musulmi, suka haye ruwa cikin kwalekwale zuwa Kusseri. Gyaran makami kuma ya tashi daga hannun maƙeri ya koma hannun mai walda. Cikin 1987 sojan Chadi suka kafa manyan bindigogi da makaman fasa tanka a bayan motocin Toyota, suka kori sojan Libiya daga Fada da Wadi Dum. Dabarar Hillman ce ta 1823, sai dai keken ya sami inji.

A cikin yaƙe-yaƙen nan ne mutanenmu suka fara ganin wani guntun ƙarfe mai tsagu a bakin waɗansu bindigogi. Aikinsa shi ne ya karkatar da iskar harbi gefe, domin bindigar ta rage harbin kafaɗa, bakinta kuma ya rage ɗagawa sama. Kalashnikov ta 1974, mai ƙaramin harsashi na milimita 5.45, da shi take fitowa daga masana'anta. A Amurka kuwa abin ya zama sha'awa. Akwai wata ƙaramar bindiga, Ruger 10/22, da aka fara sayarwa a 1964, wadda masu ita suke canja wa bututu da gindi da kunama da kayan da waɗansu kamfanoni dabam suke yi, har da wannan ƙarfe na baki. Abin dariya shi ne harsashinta ƙarami ne ƙwarai, kusan ba ta motsa kafaɗa, saboda haka ƙarfen rabinsa ado ne, ɗan'uwan tuntayen baduku. Bambancin dai shi ne su gwangwani da takarda suke harbi ranar hutu.

A wurinmu maganar ta fi haka nauyi. Cikin 2014 mafarauta da bindigogin gida suna cikin waɗanda suka taimaka aka ƙwato Mubi daga Boko Haram, masu bi da yawa suka koma gidajensu. Irin bindigar nan ce kuma ake tsinta bayan an kai wa ƙauye hari da dare. Maƙerin da ke cikin ikkilisiya, idan matasan gari suka kawo masa bindiga ya gyara, ba shi da hanyar sanin inda za ta kwana, doka kuma tana kansa, alhali manyan makaman da suka bazu bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 ba su taɓa bi ta maƙerarsa ba. Dattawan ikkilisiya ba su kyauta ba idan suka bar shi ya yanke wannan shawara shi kaɗai.

Waɗansu ƙasashe sun gwada wata hanya. A Tumbutu an ƙone bindigogi wajen 3,000 a bainar jama'a cikin Maris 1996, a Agadas ma aka yi haka cikin Satumba 2000. A Mozambik kuwa, bayan yaƙin basasa, Majalisar Kirista ta ƙasar da Bishop Dinis Sengulane suka fara wani shiri a 1995, suna tunawa da annabcin Ishaya sura 2. Wanda ya kawo bindiga sai a ba shi fartanya, ko keken ɗinki, ko keke, ko kwanon rufi. Bindigogin a yayyanka su, a miƙa wa masu walda. Ɗaya daga cikinsu, Kester, ya harhaɗa gindaye da bututai ya yi kujerar sarauta cikin 2001, gidan tarihin Birtaniya da ke Landan ya saye ta a shekara ta gaba.