Tanda Mai Haɗe Da Maikirowef: Abin Da Ya Kamata A Sani Kafin A Girka Ta A Kicin

Tanda mai haɗe da maikirowef na'ura ce guda ɗaya da ke aikin na'urori biyu. Tana gasa kaza, kek ko burodi da zafin ƙarfe da iskar fanka kamar kowace tandar lantarki, tana kuma ɗumama abinci cikin 'yan mintoci. Irin wadda ake magana a kanta a nan ba a ɗora ta kan tebur; cusa ta ake yi cikin kabad ɗin kicin a ɗaure da kusoshi, fuskarta kaɗai ke bayyana.

Injiniya Percy Spencer na kamfanin Raytheon a Amurka ne ya gano a 1945 cewa igiyoyin da na'urar magnetron ke fitarwa suna iya dafa abinci. Igiyoyin suna motsa ruwan da ke cikin abincin ne har ya yi zafi, shi ya sa suke da sauri amma ba sa sa fatar kaza ta yi ja. Haɗa su da zafin tanda ya cike wannan giɓi.

Sai dai sayen na'urar shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Wutar gidan da kabad ɗin su ne ke yanke hukunci, kuma ya fi kyau a duba su tun kuɗin na aljihu.

Wutar lantarki

Ma'aunin wutar gida a Nijeriya bolt 230 ne a kan hez 50. Soket mai ƙafa uku da aka saba da shi yana ɗaukar amfiya 13, wato kusan wat 3,000 ke nan iyakarsa. Da yawa daga cikin waɗannan na'urori suna jan wat 3,000 zuwa 3,600 idan ɓangarorin biyu na aiki tare, shi ya sa wasunsu ke zuwa da waya tsirara ba filogi. Wanda ya ɗaura mata filogi ya cusa a soket ɗin firiji, ko ya ja mata wayar ƙari daga falo, yana wasa ne da gobara.

Abin da ya dace shi ne a ja mata layinta ita kaɗai daga akwatin rarraba wutar gida, da bireka mai amfiya 16 ko 20 gwargwadon abin da takardar kamfani ta ce, da wayar tagulla da kaurinta bai gaza milimita murabba'i 2.5 ba. A sa makunni a inda hannu zai kai, ba a bayan na'urar ba. Wayar da ke sauke wuta zuwa ƙasa wajibi ce, domin jikin na'urar ƙarfe ne, kuma a gidaje da dama ramin soket na uku ado ne kawai, babu abin da aka haɗa masa. Ana kuma son na'urar da ke yanke wuta da zarar ta fara yoyo, mai ma'aunin miliamfiya 30. Wannan aikin ƙwararre ne. Hukumar NEMSA ce ke ba masu aikin wayarin shaidar ƙwarewa, kuma ba laifi ba ne a nemi ganinta.

Ƙaramin janareta da bai kai wat 1,000 ba ba zai ko motsa ta ba, inbata ta gida kuwa batiranta za su ƙare nan da nan idan aka kunna ɓangaren gashi. Idan wuta ta zo da rauni maikirowef ɗin ba ya ɗumama abinci yadda ya kamata, idan ta dawo da ƙarfi kuma allon sarrafa na'urar ne ke fara ƙonewa. Sitabilaiza na taimakawa, muddin ƙarfinta ya zarce abin da na'urar ke ja. Ta fuskar kuɗi, awa ɗaya a kan wat 3,000 yunit uku ne, wato naira 675 a farashin naira 225 da NERC ta sa wa 'yan rukunin Band A a Afrilun 2024, ko da yake tanda kan rage jan wuta idan ta kai zafin da aka saita.

A yi hattara da kayan gwanjo da aka kawo daga Amurka. An ƙera su ne don wuta mai bolt 120 ko 240 a kan hez 60, kuma faɗinsu kan kai inci 30, wato kimanin santimita 76. Arahar tasu kan ƙare a wurin mai gyara.

Kabad

Na'urorin da aka yi bisa ma'aunin Turai suna shiga kabad mai faɗin santimita 60. Gurbin da suke buƙata yawanci santimita 56 ne a faɗi, 55 a zurfi, 45 a tsayi. Bambancin rabin santimita ya isa ya ɓata aiki, don haka a miƙa wa kafinta takardar kamfani kafin ya sa zarto a katako.

Nauyin na'urar kan kai kilo 30 zuwa 40, saboda haka allon da za ta zauna a kai ya zama mai kauri, a kuma daidaita shi kada ya karkata. Kamfanoni da dama suna sharɗanta cewa katakon da mannensa su iya jure zafin digiri 90. A bar bayan gurbin a buɗe da 'yar tazara daga bango domin iska ta zagaya. Kafintoci kan so rufe ko'ina don kyan gani, amma na'urar da ta rasa iska kan kashe kanta tsakiyar girki. Kada kuma a ɓoye ta a bayan ƙofar kabad. Tsayinta daga ƙasa a auna shi da mai girkin gidan, domin sauko da kwanon miya mai tafasa daga saman kai haɗari ne.

Ranar girkawa

Mutum biyu ne za su ɗaga ta, ba kuma ta mariƙin ƙofa ba. A kashe wuta daga bireka, a haɗa waya, a tura na'urar a hankali kada wayar ta matse, sannan a ɗaure ta da kusoshin da ta zo da su. A karon farko ana kunna ɓangaren tanda babu komai a ciki, taga a buɗe, har warin sabunta ya fita. Ɓangaren maikirowef kuwa ba a kunna shi fanko. Da kofin ruwa ake gwada shi. Idan ƙofar ta lanƙwashe ko gilashinta ya tsage a hanya, a mayar da ita ga mai shago. Kada a buɗe bayanta da sunan gyara, domin akwai wutar da ke taruwa a ciki wadda kan iya kisa ko bayan an cire ta daga layi.

Mai zaman haya, musamman ma'aikacin da za a iya yi wa canjin wurin aiki, ya fara samun amincewar mai gida a rubuce, domin sabon layin wuta da kabad ɗin da aka kafe a bango ba sa bin mutum idan ya tashi.