"Sai An Buɗe": Gadon Da 504 Ta Bar Wa Kanikawa

Duk wanda motarsa ta fara shan ruwa, ko allurar zafi ta fara hawa, ya san hukuncin da ke jiransa a gareji: "Alhaji, gasket ne ya ƙone, sai an buɗe." Gasket ɗin nan siririn faifai ne da ake matsewa tsakanin gangar inji da kansa, aikinsa ya hana wutar silinda da ruwan sanyaya inji da baƙin mai haɗuwa. Sau da yawa ana yanke masa hukunci tun ba a gwada komai ba, masu motoci kuma su ɗauka ha'inci ne. Tarihin sana'ar ya nuna wani abu dabam: ɗabi'a ce da ta dace da zamaninta, sai dai zamanin ya wuce ya bar ta.

A 1975 kamfanin Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ya fara haɗa motoci, kuma ba a jima ba 504 ta zama motar ma'aikatu, motar 'yan tasha, motar attajiri. Faransa ta daina ƙera salun ɗinta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba har wajen 2006. Ke nan tsara guda ta kanikawan Arewa a kan inji ɗaya ta koyi aiki. Injin kuwa mai sauƙin hali ne. Gangarsa baƙin ƙarfe ce, sandar da ke buɗe bawuloli tana cikin gangar, don haka ana ɗaga kan inji ba tare da an taɓa sarƙar taimin ba. A lokacin kayan gyara na jibge a Ƙofar Ruwa ta Kano da shagunan Kaduna, ga yaran gareji da ba a biyan su sai kuɗin abinci. A irin wannan hali, buɗe inji ya fi sayen na'urar gwaji araha, kuma idan zato bai yi daidai ba, asarar ba ta wuce gasket ɗaya da aikin yini ba. Masu Volkswagen Beetle da ake haɗawa a Legas a lokacin ma ba su san wannan ciwon kai ba, tun da iska ke sanyaya injinsu, ba su da lagireto.

Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, sai tsofaffin motocin Turai da Amurka suka kwararo ta Legas da Kwatano. Injinan Toyota da Honda da Golf na ɗauke da sandar bawul a saman kai, saboda haka buɗewa na nufin kwance bel ko sarƙar taimin, wanda kuskure kaɗan wajen mayar da shi kan sa fistin ya daki bawul a wasu injinan. Da yawansu alminiyum ne sama da ƙasa, wasu kuma kusoshin kansu sau ɗaya ake ɗaure su, da ma'auni, a bisa jeri. Kuɗin kuskure ya ninka, amma hanyar yanke hukunci ba ta sauya ba. Alamomin da ake dogara da su kuwa ba su da tabbas. Farin hayaƙi daga salansa da sanyin safiyar hunturu sau da yawa tururi ne kawai. Farin kumfa a murfin baƙin mai na iya zama raɓar da ta taru a motar da ba ta tafiya mai nisa. Zafi na iya fitowa daga murfin lagireto da ya saki, ko fankar da ta tsaya, ko famfon ruwa. Kan inji da ya tsage ko ya lanƙwashe yana nuna alamomi iri ɗaya da gasket, kuma sabon gasket ba zai yi masa magani ba. Shi ya sa ake ganin mota ta koma gareji bayan an gama biyan kuɗin aiki.

Wani zai ce tsofaffin ogogi da ido da kunne suke gane cuta, kuma sukan dace. Gaskiya ne, amma dacewarsu ta fito ne daga maimaita inji ɗaya shekara da shekaru. Bakaniken yau yana iya karɓar injina iri biyar a yini, babu idon da zai haddace su duka. Wani kuma zai ce ai yanzu kwamfuta ta raba gardama, tun da motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 duk suna da wurin jona na'urar bincike. Kwamfuta za ta ce silinda kaza ba ta ƙona mai daidai, amma ba za ta ce fulogi ne ko ruwa ne ke shiga ba. Gwajin da ke bambancewa na hannu ne: a auna matsin kowace silinda a ga ko biyu maƙwabta sun faɗi tare, a hura iska cikin lagireto a ga ko matsin zai riƙe, ko a sa shuɗin ruwan gwaji a bakinsa, wanda ke komawa rawaya idan hayaƙin silinda na shiga ruwa. Masu kukan tsada su lissafa: kuɗin waɗannan kayan bai kai asarar inji guda da aka buɗe a banza ba.

Ƙungiyar kanikawa ta NATA na da ikon sa waɗannan gwaje-gwaje cikin abin da yaro zai ƙware a kai kafin a yaye shi. Kai kuma mai mota, kafin ka yarda a ɗora sifana a kan injinka, tambayi bakanike abin da ya gwada, ka ce ya nuna maka sakamakon.