Maye Maƙwabci Ne: Tarihin Yadda Hausawa Ke Auna Fim ɗin Tsoro

Ɗan Barto gari ne na bakin iyaka a kudu da Matamaye, cikin jihar Damagaram, inda hanyar da ta baro Takeita ke miƙa matafiyi ga Kwangwalam, daga nan sai Daura da Kazaure da Kano. Turawan Faransa da na Ingila ne suka shata wannan iyaka, suka kafa mata alamu tsakanin 1906 da 1908, amma ba ta raba harshe ba, ba ta raba dangi ba, balle ta raba tatsuniya. Duk abin da Kano ta saurara ko ta kalla, ba ya daɗewa sai ya bi wannan hanya ya haura arewa: kaset ɗin rikoda, kaset ɗin bidiyo, faifan sidi, yau kuma fim ɗin da ake tura wa mutum cikin waya a rumfar mai caji. A cikin wannan kaya har da labaran abin tsoro, na Indiya da na kudancin Najeriya da na Amurka. Wanda ya bi tarihin yadda mutanen wannan yanki suka karɓi irin waɗannan labarai zai ga suna da ma'auni nasu wanda ya girmi telebijin. Ba kyan hoto ko iya wasa kaɗai suke dubawa ba. Tambayarsu ita ce, idan an kashe akwatin, wa labarin ya bar wa jama'a su nuna da yatsa? Ma'auni ne mai hujja, kuma ya cancanci a kare shi.

A fara da yadda wasu suke auna nasu. A watan Satumba na 2009 tashar CW ta Amurka ta fara nuna The Vampire Diaries, wasa mai dogon zango da aka ciro daga littattafan L. J. Smith, labarin wata budurwa da ta faɗa tsakanin wa da ƙane, dukansu bamfaya, wato matattun da ke tashi su rayu da jinin mutane. Kusan mutum miliyan 5 suka kalli kashin farko, amma masu sharhi da yawa suka karɓe shi da yatsine, suna cewa inuwar Twilight ce kawai, fim ɗin da ya tashi kan matasa a 2008. Kafin zangon farko ya ƙare ra'ayi ya fara juyawa, aka koma yabon saurin labarin da yadda ba ya jin tsoron kashe jarumin da masu kallo suka saba da shi. Wasan ya kai zango 8 da kashi 171 kafin a rufe shi a 2017. Kafin shi an yi Buffy the Vampire Slayer daga 1997 zuwa 2003, wanda har malaman jami'a suka riƙa yin taro a kansa, an kuma yi True Blood daga 2008 zuwa 2014. A duk wannan ka-ce-na-ce, batun salo ne da fasaha da abin da labarin ke nufi. Babu mai sharhin da ya ji tsoron gobe za a jefi wata tsohuwa a unguwa saboda abin da aka nuna daren jiya.

Wannan kwanciyar hankali ba da ita Turai ta tashi ba. A 1725, da kuma tsakanin 1731 da 1732, a ƙauyukan Sabiya da ke ƙarƙashin daular Ostiriya, mutane sun tono kaburbura, sun soke gawawwaki da turke sun ƙona su, bisa zargin su ne ke tashi da dare suna kashe rayayyu. Jami'an gwamnati da likitocin soja suka rubuta rahoto, labarin ya bazu a jaridun Turai. Sai a 1755 Sarauniya Mariya Tereza, bayan binciken da likitanta Gerard van Swieten ya jagoranta, ta hana wannan tone-tone. Shekaru fiye da 60 suka wuce kafin John Polidori ya mai da bamfaya jarumin ƙagaggen labari a 1819, sannan Bram Stoker ya fitar da Dracula a 1897. Abu biyu ne a nan. Na farko, sai da doka da zamani suka kashe zargin kafin ya zama abin nishaɗi. Na biyu, ko a lokacin da zargin ke da rai, gawa ake tuhuma, wadda ba ta jin duka, ba ta da 'yar da za a fasa aura.

Maye kuwa mai rai ne. A yadda Hausawa suka daɗe suna faɗa, maye ko mayya mutum ne da ke da ƙanƙara a ciki, gado ya yi ko saye, yana kama kurwar mutum ya ɓoye, mai kurwar ya yi ta rama har ya mutu in ba a ƙwato ta ba. Maganin da aka sani shi ne a kamo wanda ake zargi a tilasta masa ya tsallake maras lafiyan, wani lokaci a gaban taron jama'a, wani lokaci bayan duka da tsiraitawa. Wasu garuruwa har sarkin mayu suke da shi, wanda ake kai wa irin wannan ƙara. Kuma kowa ya san a kan wa zargin ya fi sauka: tsohuwar da ba ta da ɗa namiji tsayayye, kishiyar da ba a so, baƙon da ba shi da dangi a gari. Gidan da aka liƙa wa maita ya shiga uku, don ba a neman aure a cikinsa, ba a sayen abincinsa, jikoki ma su gaji tabon. Wannan ne ya bambanta maye da dodon tatsuniya, da macijin rijiyar Kusugu na tarihin Bayajida a Daura, da aljanun da suka cika littattafai irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam tun 1934. Dodo da aljani ba su da gida a unguwa. Shi ya sa kaka za ta ba jikoki labarin dodo ta ƙara masa gishiri, amma in zance ya zo kan maita sai ta sassauta murya, ta ƙi kama suna.

Da majigi da silima suka zo, wannan bambanci ya biyo su. A 1955 Jean Rouch ya nuna Les Maîtres fous, fim kan 'yan Hauka, wani reshen bori da ya ɓulla a yankin Filinge wajen 1925, wanda ya ɗauka a wurin 'yan ci-ranin Nijar a Akara. 'Yan Afirka masu ilimi da suka gan shi a Paris suka fusata, hukumar mulkin mallaka ta Ingila ta hana nuna shi a ƙasar da ta zama Gana, duk da haka ya ci kyauta a Benis a 1957. Masu sukar ba su ce hoton bai yi kyau ba. Cewa suka yi fim ɗin zai sa a raina mutanen da ke ciki da 'yan Afirka baki ɗaya. Masu fim na Nijar da suka biyo baya sun ɗauki darasi. Oumarou Ganda a Saitane ya tona asirin malamin tsibbu mai yaudara, Moustapha Alassane kuma a Toula, wanda ya ɗauko daga labarin Boubou Hama, ya tsaya a gefen yarinyar da aka miƙa wa aljanin ruwa saboda fari. A Damagaram, Yazi Dogo da ƙungiyarsa, waɗanda gidan telebijin na ƙasa ya kai wasanninsu ko'ina, sun gina farin jininsu a kan halayen mutane na yau da kullum. A ɗaya gefen, fim ɗin Indiya da 'yan kasuwar Labanan suka fara kawowa gidajen silima na arewacin Najeriya tun shekarun 1950 ya zo da macijiya mai rikiɗa ta zama mace, kamar a Nagin na 1976 da Nagina na 1986, aka kalla aka more ba tare da tashin hankali ba. Macijiyar Indiya ba maƙwabciyar kowa ba ce.

Zamanin bidiyo ya gwada ma'aunin sosai. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, mujallar Fim ta fara fita a 1999, jihar Kano ta kafa hukumar tace fina-finai a 2001. A kudu kuwa, Living in Bondage na 1992 ya buɗe ƙofar fina-finan matsafa masu ba da jinin iyali don kuɗi, labarin da ya dace da raɗe-raɗin 'yan shan jini da ke yawo a kasuwanni da tashoshin mota na ƙasar Hausa. Mai bincike Adeline Masquelier ta rubuta a 2008 kan yadda irin wannan zargi na ajiye iska mai shan jini ya shiga rikicin addini da na arziki a Dogondutse. Inda abin ya fi muni shi ne End of the Wicked na 1999, wanda ya nuna ƙananan yara a matsayin mayu masu cin naman mutane da dare. Masu kare haƙƙin yara sun zargi fim ɗin da ƙara rura wutar azabtar da yara a Akwa Ibom da Kuros Riba. Mai fim ɗin, Helen Ukpabio, ta musanta, kuma gaskiya ne zargin maita ya riga fim ɗin zuwa. Amma sai da jihar Akwa Ibom ta yi doka a 2008 da ta haramta kiran yaro maye. Abin da tsofaffin Hausawa ke gudu kenan lokacin da suke ƙin kama suna.

Wani zai ce wannan duk ado ne ake yi wa tsoron hukumar tacewa da na malamai, cewa Hausawa na ɗari-ɗari da fim ɗin maita ne don kada a ce sun yi shirka. Addini yana da hannu, babu musu, tun daga yaƙin da Shehu Usmanu da mabiyansa suka yi da bori bayan 1804 har zuwa wa'azin Izala da aka kafa a Jos a 1978. Kuma hukumar Kano ta wuce gona da iri a 2007 da 2008, lokacin da aka ɗaure Rabilu Musa Ibro da Hamisu Lamido Iyan-Tama. Sai dai a duba a kan me aka fi yin rigimar: rawa da waƙa, sutura, cuɗanyar maza da mata, rajista. Boka da aljani sun ci gaba da fitowa a fina-finan Hausa ba adadi, fassarar fina-finan Indiya masu cike da tsafi kuwa ta zama sana'a a Kano, irin wadda Algaita ta yi suna da ita. Da tsoron gaibu ne kawai, da duk an watsar da su. Abin da jama'a ke taka-tsantsan da shi ya fi wannan ƙanƙanta kuma ya fi shi nauyi, wato labarin da zai tabbatar wa mai kallo cewa zazzaɓin ɗansa yana da mai shi, kuma mai shi na bayan katanga.

Wani kuma zai ce shiru ba ya maganin camfi, fim ne ma ya kamata ya fito da maita fili ya kashe ta. Wannan magana tana da ƙarfi, amma ya danganta da inda kyamara ta tsaya. Fim ɗin da ya nuna tsohuwa tana rikiɗa da dare, sannan malam ya zo a ƙarshe ya ƙona ta da addu'a, bai yaƙi camfi ba, ya sa masa hatimi ne, don darasin da yaro zai ɗauka shi ne zargin gaskiya ne. Fim ɗin da zai yi aiki shi ne wanda ya shiga ɗakin wadda ake zargi, ya nuna yadda maganar ta faro daga bakin mai zazzaɓin da ke sambatu, yadda gaba ta gado ko ta kishi ta hau kanta, yadda cizon sauro ko sanƙarau ko tamowa ke kashe yaro yayin da ake can ana neman kurwa maimakon a nufi likita. Hanyar da Ganda da Alassane suka bi kenan, kuma ba ta rage wa labari tsoro ko daɗi ba. Taron unguwa da ya yanke wa mutum hukunci ya fi kowane dodo ban tsoro.

Akwai masu ganin wayar hannu ta riga ta rushe duk wannan, tunda saurayi a Matamaye ko Kance zai iya kallon abin da saurayin Legas ke kallo, ko da an rufe iyaka kamar yadda aka yi daga 2019 zuwa 2020, da kuma bayan juyin mulkin Yulin 2023. Gaskiya ne babu jami'in duwan da zai tare fim a cikin waya. Amma hakan ƙara wa sharhi muhimmanci ya yi, tunda abin da ba a iya hanawa dole a koyi auna shi. Tun da Arewa24 ta fara aiki a 2014, wasanni masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Labarina sun samar da jama'ar da ke tafka muhawara a kan kowane kashi, kuma ba makawa masu shirya fim za su ƙara karkata ga labaran tsoro, don suna da kasuwa. Mai sharhin Hausa zai iya aron tambayoyin takwaransa na Amurka game da rubutu da iya wasa da saurin labari, kuma ya kamata ya ara. Amma aikinsa bai cika ba sai ya ƙara tasa tambayar: shin wannan fim ya sa zargin maita ya yi wa mai kallo sauƙi, ko ya sa ya yi masa wuya? Turai ta samu damar wasa da bamfaya ne bayan ta hana tonon kabari. A ƙasar da har yau ana iya korar mace daga gidanta da kalma ɗaya, fim ɗin da ya sauƙaƙa furta kalmar ya gaza, komai kyan hotonsa, kuma haƙƙin mai sharhi ne ya faɗi haka a fili.