Jadu a Ƙasar Auduga: Yadda Fina-finan Krrish Suka Samu Gurbi a Funtuwa da Malumfashi

Tun kafin a san kaset ko faifai, mutanen kudancin Katsina sun san hoto mai motsi, amma sun fara saninsa ne a matsayin malamin gona. A zamanin Turawa motar majigi ce ke zagaya garuruwa, a kafa farin ƙyalle a fili bayan isha'i, a nuna wa jama'a tsafta da biyan haraji da dabarun shuka. A shekarun 1950 aka yi fim ɗin Baban Larai don kwaɗaitar da manoma noman auduga, kuma ba yankin da saƙon ya fi shafa kamar Funtuwa, mai injin gurzar auduga da tashar jirgin ƙasa a kan layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda, da Daudawa mai gonar irin auduga. Ke nan allon farko da manomin yankin ya gani, kimiyya ya zo koya masa, kuma daga bakin hukuma.

Nishaɗi ta wata ƙofa ya shigo. An buɗe siliman Rex a Kano a 1937, daga shekarun 1950 kuma 'yan kasuwa Kwarori suka fara shigo da fina-finan Indiya. Masanin nan Brian Larkin ya nuna cewa Hausawa sun rungume su ne saboda sun ga rayuwa mai kama da tasu: kunya, girmama iyaye, auren dole, da fafutukar talaka. Da bidiyo ya yaɗu, sai kasuwar Ƙofar Wambai ta zama rumbun da ake ɗiba, hanyar Gwarzo da Dayi kuma ta riƙa kai kaya Malumfashi da Funtuwa, inda kuɗin kaka ke sayen talabijin da janareta, gidajen kallo kuma su ɗauki wanda bai da nasa.

A kan wannan hanya jerin fina-finan Krrish ya iso. Na farko, Koi... Mil Gaya, ya fito a Agustan 2003. Rakesh Roshan ne ya ba da umarni, ɗansa Hrithik Roshan ya fito a matsayin Rohit, saurayin da ƙwaƙwalwarsa ta tsaya a ta yaro saboda hatsarin mota da ya kashe mahaifinsa tun yana ciki. Mahaifin masanin kimiyya ne, ya bar wata kwamfuta mai aika sauti zuwa sararin samaniya. Rohit ya taɓa ta cikin wasa, baƙi suka amsa kira, suka tafi suka bar ɗayansu, wata shuɗiyar halitta mai samun ƙarfi daga hasken rana. Aka sa mata suna Jadu, wato sihiri a harshen Hindi. Ita ta warkar da Rohit, ta mai da abin dariyar gari gwarzo.

Masu sharhi sun yi ta kwatanta shi da E.T. na Steven Spielberg, wanda ya fito a 1982. Amma abin da ya sa ya zauna a zukatan masu kallo a nan ba kumbon ba ne. Labarin maraya ne da uwarsa, wadda Rekha ta fito a matsayinta, da 'yan gari masu tsokanar mai rauni, da sakayyar da ke zuwa daga inda ba a zata ba. Wanda ya tashi da tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa ba ya bukatar a yi masa fashin baƙin wannan. Shi kansa Jadu ya tarar da gurbi a shirye, domin halittar da ba mutum ba, mai ɓoyuwa, mai taimakon wanda ya kyautata mata, daɗaɗɗiyar baƙuwa ce a adabin Hausa tun daga aljannun Ganɗoki na Bello Kagara. Ko tafiya sama ma ba sabuwa ba ce: a 1969, shekarar da Amurka ta sauke mutum a wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaron da baƙon sama ya ɗauka ya zagaya da shi. Wannan ne bambancinsa da Star Wars, wanda ya girgiza Amurka da Turai tun 1977 amma bai yi irin wannan saiwa a gidajen kallon Arewa ba: can ana yaƙi tsakanin dauloli a duniyar da ba a sani ba, nan kuwa uwa ce ke kuka a kan ɗanta.

Nasarar fim na farko ta haifi na biyu, Krrish, a Yunin 2006, kuma da shi tallan ya canza kama. An ɗauki babban ɓangarensa a Singafo, an ɗauko gwanin tsara faɗa Tony Ching daga Hong Kong, an mai da baƙin takunkumin fuskar jarumin hajar sayarwa ga yara. Krishna, ɗan Rohit, ya gaji ƙarfin mahaifinsa, kakarsa ta ɓoye shi a ƙauye don tsoron idon duniya. Mugun labarin, wanda Naseeruddin Shah ya taka, masanin kimiyya ne mai neman kwamfutar da ke hango abin da zai faru, don ya ɗaukaka kansa zuwa matsayin abin bauta. Ga mai kallo Musulmi, wannan da'awar sanin gaibu ce, kuma ƙarshen mai ita sananne ne tun daga Fir'auna. Fim ɗin ya raba kimiyya gida biyu: wadda ke hannun mai tawali'u, da wadda ke hannun mai girman kai.

Na uku, Krrish 3, ya fito a Nuwamban 2013, lokacin da kasuwar kallo ke sauya fata. Faifai na ja da baya, katin waya da shagunan turi na maye gurbinsa, fassarar fina-finan Indiya zuwa Hausa, wadda ɗakunan aiki irin su Algaita na Kano suka shahara da ita, tana cin kasuwa har masu shirya fina-finan Kannywood na kokawa. Sauyin babba ne. A da mai kallo da ido yake fahimtar labari, ko da taimakon wani gwani a gidan kallo mai faɗa wa na kusa da shi abin da ake cewa. Da fassara ta zo, kalma ta shiga kunne kai tsaye, har ga matan da ke cikin gida.

Abin da Krrish 3 ke faɗa kuwa mai nauyi ne. Mugunsa, Kaal, mai kamfanin magunguna ne da ke ƙera ƙwayar cuta, ya sake ta a Namibiya, sannan ya sayar da maganinta. Daga baya ya juya kan Mumbai. A Indiya wannan ƙirƙira ce ta nishaɗin bikin Diwali. A Arewacin Nijeriya kuwa ta faɗa a kan tabo. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200 a Kano. 11 sun rasu, kuma shari'ar ta kai ga sulhun dala miliyan 75 da gwamnatin jihar a 2009. A 2003, shekarar da Jadu ya bayyana, Kano da wasu jihohi suka dakatar da rigakafin shan inna bisa zargin gurɓata shi. Kano ba ta dawo ba sai Yulin 2004, bayan an samo allurar daga Indunusiya, kuma kafin nan cutar ta tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Sai a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta kuɓuta daga ƙwayar shan inna ta asali.

Fim bai haifar da wannan zargi ba, ya tarar da shi. Amma labari mai daɗin kallo yana ba tsohon tsoro fuska da suna, ya kuma haɗe abubuwa biyu da ya kamata a bambanta: gwajin da aka yi ba bisa ƙa'ida ba, wanda ya faru, da maƙarƙashiyar hana haihuwa ta allurar rigakafi, wadda bincike bai tabbatar ba. Likita a Malumfashi da malamin gona mai kai sabon iri ƙauyukan Bakori da Ƙafur suna aiki ne a tsakanin waɗannan biyu.

A 2025 aka sanar cewa Hrithik Roshan da kansa zai ba da umarnin Krrish 4. Yaran da suka kalli Jadu a kan benci a 2003 yanzu su ne malaman makaranta da ma'aikatan jinya da dillalan taki a yankin. Majigi ya kawo wa kakanninsu kimiyya a matsayin umarni, Indiya ta kawo musu ita a matsayin labari, kuma labarin ne aka fi tunawa. Tun bayan littafin Umaru Dembo, marubutan Hausa kaɗan ne suka sake bin wannan turba, alhali masu sauraron suna nan.