Karatun Lauya da Matakan Shiga Aikin a Nijeriya

Lauya, a dokar Nijeriya, shi ne wanda sunansa yake cikin rajistar da Babban Magatakardan Kotun Ƙoli yake ajiyewa a Abuja. Digirin shari'a kaɗai bai isa ya ba mutum wannan matsayi ba: sai ya haɗa karatun jami'a da horon Makarantar Lauyoyi, an rantsar da shi, sannan an shigar da sunansa. Kalmar lauya aro ce daga Turanci, haka ma barista. A Ingila, inda tsarin ya samo asali, masu tsayawa gaban manyan kotuna daban ne, masu shirya takardu da ba da shawara daban. A Nijeriya mutum ɗaya ne ke ɗauke da ayyukan biyu.

Aikin ya shigo ne ta Legas tare da kotunan Turawa. Dokar Kotun Ƙoli ta 1876 ta ba Babban Joji ikon karɓar waɗanda suka ƙware a Birtaniya. Ɗan ƙasa na farko da ya kai wannan mataki shi ne Christopher Sapara Williams, wanda aka rantsar a Landan a 1879, ya fara aiki a Legas a 1888. Mace ta farko, Stella Thomas, ta biyo baya a 1933. Kusan shekara tamanin mai son aikin sai ya ƙetare teku, ya dawo da sanin dokar Ingila, alhali ƙarar gona da ta gado da ta aure da ke jiransa a gida suna tafiya ne a kan wasu ƙa'idoji dabam. Wannan giɓi ne ya sa aka kafa kwamitin Unsworth a 1959, kuma bisa shawararsa aka yi dokokin 1962 na ilimin shari'a da na aikin lauya. Makarantar Lauyoyi ta buɗe a watan Janairun 1963 a titin Igbosere, Legas, da ɗalibai takwas da kwas na wata uku.

A Arewa aikin ya makara, domin yawancin ƙararraki suna gaban alƙalai ne masu hukunci da mazhabar Malikiyya, kuma a zamanin En'e ba a barin lauya ya tsaya a kotunansu. Abin da aka fi buƙata shi ne horar da alƙalan, don haka aka buɗe makarantar shari'a a Kano a 1934 da malamai daga Sudan, wadda ta koma Makarantar Nazarin Larabci a 1947. Lauyan farko daga Jihar Arewa shi ne Abdulganiyu Folorunsho Abdul-Razaq na Ilori, a 1955. Muhammadu Bello na Katsina ya biyo shi a 1956, ya kuma zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya daga 1987 zuwa 1995. Aloma Mariam Mukhtar, mace ta farko lauya daga Arewa, ta riƙe wannan kujera daga 2012 zuwa 2014.

A yau hanyar tana farawa daga sakandare. Ana neman kiredit biyar, ciki har da Turanci da adabin Turanci, sai jarrabawar JAMB da ta tantancewar jami'a. Gurbin karatun yana da wuyar samu, saboda Majalisar Ilimin Shari'a tana ƙayyade wa kowace tsangaya adadin ɗaliban da za ta ɗauka, kuma tana hukunta wadda ta zarce. Digirin, wato LL.B, shekara biyar ne, ko huɗu ga wanda ya shiga kai tsaye da difloma ko wani digiri. Ana karanta tsarin mulki, dokar laifuffuka, kwangila, filaye, shaida, kamfanoni da falsafar shari'a. Jami'ar Nijeriya ta Nsukka ce ta fara buɗe tsangayar shari'a a 1961, ta Ahmadu Bello kuwa a Kongo, Zariya, a 1962. A Zariya da Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo da Maiduguri da Ilori ana iya haɗa dokar Turawa da shari'ar Musulunci a digiri ɗaya, abin da ya fi dacewa da yankin da gado da aure da saki suke cika kotuna.

Makarantar Lauyoyi ta mayar da hedikwatarta Bwari, Abuja, a 1997, tana kuma da rassa a Legas, Inugu, Bagauda ta Jihar Kano, Yola, Yenagoa da Fatakwal. Horon kusan shekara ɗaya ne, kuma na aiki ne zalla: yadda ake shigar da ƙarar hakki da ta laifi, rubuta takardun filaye da wasiyya, rajistar kamfani, da ladubban sana'a. Ana tura ɗalibi kotu da ofishin lauya na wasu makonni, ya dawo da littafin abin da ya gani. Wanda ya yi digiri a ƙasar waje sai ya fara da wani zango na koyon dokokin Nijeriya. Akwai kuma wata al'ada da aka gada daga Landan ba a taɓa ta ba: cin abincin dare sau uku tare da dattawan lauyoyi, cikin cikakkiyar shiga, kuma wanda bai halarta ba ba a rantsar da shi.

Rantsarwar tana hannun Majalisar Dattawan Lauyoyi, wadda aka kafa a 1971. Cin jarrabawar ƙarshe sharaɗi ne, amma ana duba hali ma, kuma biyu daga cikin dattawan sai sun tsaya wa ɗalibi. Ranar bikin ne yake fara sa baƙar riga da farar hular gashi. A watan Disamban 2017 an hana wata ɗaliba shiga zauren saboda hijabi. Bayan muhawara mai zafi aka rantsar da ita da hijabinta a Yulin 2018.

Sabon lauya da bai haura shekara talatin ba yakan yi hidimar ƙasa ta shekara ɗaya. Daga nan wasu su shiga ofishin wani babba, inda albashin farko kan zama kaɗan, wasu ma'aikatar shari'a, banki, kamfani ko koyarwa. Kowa yana biyan kuɗin lasisi kafin ƙarshen Maris, yana manna hatimin ƙungiyar lauyoyi ta NBA a takardunsa, kuma kwamitin ladabtarwa yana iya soke sunan wanda ya ci amana.

Girma a aikin ana ƙirga shi ne daga shekarar rantsarwa. Muƙamin Babban Lauyan Nijeriya, SAN, an fara ba da shi a 1975 ga Rotimi Williams da Nabo Graham-Douglas, Folake Solanke kuma ta zama mace ta farko a 1981. Ba a neman sa sai bayan shekara goma. Tsarin mulkin 1999 ya sa shekara goma ga mai shari'a na Babbar Kotu da Antoni-Janar, goma sha biyu ga Kotun Ɗaukaka Ƙara, goma sha biyar ga Kotun Ƙoli. Ya kuma wajabta cewa aƙalla uku daga cikin alƙalan Kotun Ɗaukaka Ƙara su zama masana shari'ar Musulunci, uku kuma masana dokar gargajiya.