Himoglobin na maciji

Himoglobin shi ne furotin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, wanda yake ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya kai ta ga sassan jiki. Na maciji, kamar na ɗan Adam, sarƙoƙi huɗu ne a haɗe, biyu alfa, biyu beta, kowace da ƙwayar ƙarfe guda inda oksijin ke maƙalewa. Sai dai jajayen ƙwayoyin jinin maciji suna da cibiya, namu kuwa ba su da ita.

Abin da ya fi jan hankalin masana shi ne raunin haɗin sarƙoƙin. A wasu macizan Kudancin Amurka, irin su Liophis miliaris na ruwa, sarƙoƙin kan rabu gida biyu cikin sauƙi. Idan suka rabu, sai su ƙanƙame oksijin, su ƙi sakinta. Sinadarin ATP ne yake sake ɗaure su, ya sassauta riƙon, har iskar ta isa ga tsoka. A jinin mutum, sinadarin 2,3-BPG ne ke sassauta wannan riƙo.