Wa Zai Kara Da Wa? Lissafin da Ke Bayan Takobin Kokawa

Daga birnin Sakkwato, in mutum ya bi hanyar Illela ya tsallaka iyaka, Birnin Ƙonni zai fara tararwa, a cikin jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar. A birnin Tawa ne aka buɗe gasar kokawa ta ƙasa a 1975, zamanin mulkin Seyni Kountché, kuma Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗaukar takobin. Masu son kokawa a ƙasar Sakkwato sun san sunayen zakarun nan kamar na 'yan gida. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne tambayar da masu shiri ke warwarewa tun ba a buga ganga ba: wa zai kara da wa, kuma sau nawa, kafin a ce wane ya fi kowa?

A yau jihohi takwas ke zuwa, kowace da 'yan kokawa goma, jimilla 80. Da za a ce kowa sai ya kama kowa, karawa 3,160 za a yi, abin da ba jikin da zai ɗauka. Da kuma faɗuwa ɗaya ce ke mayar da mutum gida, da karawa 79 sun gama magana a zagaye bakwai, amma rabin baƙin za su naɗe tabarma tun ranar farko, jiharsu ta rasa abin kallo.

Sai aka bi ta tsakiya. Jihohi ke zagaya juna, kowace ta gamu da sauran bakwai. Wanda aka kayar ya fita daga neman takobi, amma bai fita daga fili ba. Yana ci gaba da kokawa don jiharsa. Nan daɗin tsarin yake, nan kuma zafinsa. Mutumin da ya faɗi tun farko ba shi da sauran abin tsoro, kuma yana iya zama shi ne zai kayar da gwanin da jama'a suka sa wa ido. Kowace yamma akan ƙirga waɗanda ba su faɗi ba, adadin yana raguwa, har 'yan kaɗan su rage su fitar da zakara a tsakaninsu. Sai dai hanyar kowa daban ce. Wani ya iso ƙarshe bayan ya sha da ƙarti, wani kuwa rabo ya sauƙaƙa masa.

Masu darar ches sun daɗe da wannan ciwon kai. A gasar Landan ta 1851, wadda Howard Staunton ya shirya, 'yan wasa 16 aka haɗa ta hanyar ƙuri'a, wanda aka cinye ya fita. Ƙuri'ar ta haɗa manya biyu, Anderssen da Kieseritzky, tun zagayen farko, na biyun ya koma ɗan kallo. A 1862 aka koma kowa ya kara da kowa. A 1895 kuma, a Zurich, aka gwada abin da ake kira tsarin Suwizalan: ba a korar kowa, ana haɗa masu maki ɗaya da juna a kowane zagaye, kuma mutum biyu ba sa gamuwa sau biyu. Tun da kowane zagaye yana rage rabin waɗanda ba a ci ba, zagaye huɗu sun isa mutum 16, in babu canjaras.

Da kwamfuta ta shigo, da wannan lissafin aka karɓe ta. A gasar duniya ta farko ta manhajojin ches, a Stockholm a 1974, manhajoji 13 suka buga zagaye huɗu. Kaissa ta Tarayyar Sobiyet ta ci wasanninta duka, ta ɗauki kambi. Amma ba ta gamu da Chess 4.0 ta Amurka ba, wadda da yawa ke ganin ita ce babbar abokiyar hamayyarta, domin wannan ta yi tuntuɓe a hannun wata manhaja mai suna Chaos, hanyoyinsu suka rabu. Bayan an rufe gasa aka haɗa su wasan gwaji, suka tashi canjaras. Zagaye huɗun sun fitar da wadda ba a ci ba, sun bar gardamar wadda ta fi ƙarfi. A Toronto a 1977 abin ya juya: Kaissa ta faɗi tun zagayen farko, Chess 4.6 ta lashe gasar, aka sake haɗa su a gefe, ta Amurka ta yi nasara.

Manhaja ba ta gajiya, shi ya sa gasar TCEC ta wannan zamani takan sa manyan manhajoji biyu su buga wasa 100 a karon ƙarshe, kowace buɗewar wasa sau biyu, ana musanya fari da baƙi. Ɗan kokawa ba shi da wannan gata. Jiki ɗaya yake kaiwa fili kullum har tsawon mako, ga rana, ga targaɗe, kuma faɗuwa guda ta isa ta ɗage masa maganar takobi sai baɗi.